Ƙafar Malam da Ranakun Rufin Daddawa

Da sunan Allah na ɗauki biro, Shi da Ya bar wa mijina ƙafarsa, Ya kuma bar mini bakina.

Sunana Lami, amma a Birnin Gwari in ba ka ce Lami Mai Daddawa ba, babu mai nuna maka gidana. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Na rubuta ne saboda matan da ke jinyar mai ciwon suga a unguwar da ake ƙaunarsa. Ciwon kansa mun iya da shi. Ƙaunar ce ta kusa cinye mana ƙafa.

Da can da kalwa nake daddawata, ƙwayar ɗorawa da matan ƙauyukan bakin daji ke tarowa. Babbar mai kawo mini ita ce Maman Rahila, ƙawata 'yar Gbagyi. Da dajin ya lalace, ya zama ko itace ba a shiga ɗiba, ta kwaso 'ya'yanta ta dawo cikin gari, kalwa kuma ta ɓace. Ita ta ce mu koma waken suya, muka haɗa hannu. Matan unguwa suka yi ta yatsina fuska, wai daddawar wake ba ta kama miya. Mijina ne ya riƙe sana'ar. A baki ban taɓa kiran sunansa ba, Malam nake cewa, a nan ma haka za a ji. Shi ke ɗaura kaya a babur ya kai kasuwannin ƙauye duk ranar da aka ce hanya da dama-dama, ya bi rumfa-rumfa da daɗin bakinsa har kaya su ƙare. Malam bai iya cewa a'a ba. Babu suna, babu jana'iza, babu sulhu a unguwarmu da ba a ga hularsa ba.

Sai na bayyana wani abu kafin in shiga ciwon. Kakata ce ta koya mini sana'ar, ta haɗa mini da sharaɗi. In an dafa wake an tsane, aka zuba a kwanduna aka lulluɓe da buhuna don ya nuna, wannan shi ne rufi. Daga rufi har buɗi, kwana biyu zuwa uku, mai daddawa ba ta faɗa, ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. In ta yi, daddawa ta yi ɗaci ta ƙi yauƙi. Malamar ajinmu ta ce camfi ne. Na ce, “Malama, ke albashi kike ci, ni kwando nake ci. Ba da jarina za a gwada ba.”

Duk unguwa ta san da wannan, Malam ya fi kowa sani. Ranar rufi ya gaya mini ya ba wani ɗan'uwansa aron babur ya faɗa rami da shi. Ranar rufi ya sanar da ni ya yi wa wani alƙawarin ragon suna. Kafin a buɗe kwando fushin ya huce, sai dai in tsaya ina hararar bango.

Ciwon da ƙishirwa ya fara. Malam ya koma zama kusa da randa kamar mai gadinta, ya sha ya ɗauki buta, ya dawo ya sha. Yana cin tuwo kamar ɗan dako, amma riga na neman zame masa daga kafaɗa. Na lura ƙiyashi na yin layi zuwa inda yake zagayawa, na zaci shara ce, na zuba toka. Masu ba da shawara suka taso. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ne, aka kawo sassaƙe har muka rasa tukunyar miya.

Wata rana ya dawo daga kasuwar Kuyello, yana alwala, na hango gefen ƙafarsa ta dama a saɓule, daga idon sawu zuwa gindin babban yatsa.

“Malam, me ya same ka a nan?”

Ya leƙa kamar ƙafar maƙwabci ce. “Af. Salansar babur ce, ina jin.”

“Ba ka ji zafi ba?”

“Ko kaɗan. Ai jikin maza ne.”

Ba jikin maza ba ne, ku ji da kyau. Ranar da wuta ta ƙona mutum bai ji ba, ranar za a tafi asibiti. Mu kuwa muka shafa man shanu, wani bakanike ya ce baƙin mai, aka shafa shi ma. Mako ya zagayo, wani ya bi bayansa, ciwo sai faɗi yake.

Da na ja shi asibiti mun yi sammako, amma mun tarar da benci cike da mutanen ƙauye da suka riga mu. Muka yanki kati muka shiga layi. Duk wanda ya zo bayanmu, Malam ya gaishe shi, ya tambayi garinsu, ya gano sun haɗa kaka, ya ce bismillah, wuce gaba. Har azahar muna inda muke. Sai da na zauna a kan gefen rigarsa, na ce in ya ƙara ba wani wuri sai dai ya tashi ba riga.

Aka soki yatsansa aka ɗiga jini a wata 'yar na'ura. Likita, wani siririn mutum mai jajayen idanu don gajiya, ya dubi lambar, ya dubi ƙafar, sannan ya dube ni.

“Mama, ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Ni zan wanke ciwo in ba da magani. Amma ƙafar nan daga bakinsa za a cece ta.”

Wannan maganar har yau tana kunnena. Ya hana suga, zuma, lemon kwalba, kunu mai zaƙi. Tuwo da fura a rage sosai, a ƙara ganye da wake.

“Shayi fa, likita?” in ji Malam.

“Ka sha, Baba, ban da suga.”

“To ai wannan wanka ne ta ciki.”

A makon farko magani da bandeji suka cinye ribar kasuwa biyu. Na sayar da akuyata na sayi irin 'yar na'urar nan, tunda Allah Ya sa yanzu ina karanta lamba. Kullum da safe, kafin kowa ya shigo, in zaunar da shi a bayan ɗaki in wanke ciwon yadda aka nuna mini, in naɗe. Shi kuma ya ja bargo ya rufe ƙafar, don Malam mutum ne mai kunya.

Sai dubiya ta fara. Ina godiya, Allah Ya sani ina godiya. Babu gidan da bai aiko ba. Amma a garinmu ba a zuwa duba mara lafiya hannu sake, kuma abin da aka san ana kai wa mara lafiya shi ne mai zaƙi. Kunun gyaɗa da suga har yana kama cokali. Fura da nono. Lemon kwalba, rake, dabino. Ɗanjuma Mai Zuma, abokin Malam tun suna yara, ya zo da kwalbar zuma a aljihu. Tun da daji ya rufe bai ƙara hawa bishiya ba, wannan ita ce ta ƙarshe da ya ɓoye wa kansa.

“Uwargida, zuma ai magani ce,” in ji shi.

“Magani ce, Malam Ɗanjuma, amma ba ta wannan gidan ba. Mayar da ita aljihu.”

A makon nan na yi faɗa da rabin unguwa. Na tsaya a bakin zaure ina buɗe kwanuka ina mayarwa. Mayar wa mutum kwanonsa da abincinsa a ciki kuwa, gara ka mare shi. Lamba ta fara sauka a na'ura, ciniki ma ya bi ta. Matan da ke aiko yara sayen daddawa suka daina. Magana ta zagaya cewa Lami ta samu boko da tsufa, za ta kashe Malam da yunwa a kan maganar takarda. Wani mai son alheri ya aika Kuyello, wurin dangin Malam.

Yaya Asabe ce ta iso, yayar Malam, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta sauko daga acaɓa da ƙwarya a ɗaure cikin zane, ko ƙurar hanya ba ta kaɗe ba.

“Lami, wannan ƙashin da na gani a tabarma, Autana ne?”

“Shi ne, Yaya. Likita ya ce...”

“Likita ne ya goya shi, ko ni?”

Na haɗiye, don ranar rufi ce.

Daga nan abu ya rikice mini. Lamba ta sauka kwana kaɗan, ciwo ya fara bushewa, sai kuma ta yi tsalle, ciwo ya dawo ɗanye. Gida ya yi tsit kamar an yi ƙaura, sai kuma rana ɗaya takalma su cika ƙofar zaure. Maman Rahila ce ta warware mini, muna sheƙe wake.

“Ƙawata, ke kaɗai ce ba ki gane ba? Hayaƙin tukunyarki suke kallo. In ya tashi yau, sun san gobe bakinki a ɗaure yake.”

“Wa ke gaya musu na rufe?”

Ta yi dariya har ta ajiye faifai. “Maigidanki. Yana zaune a zaure, duk mai wucewa masallaci ya gaishe shi, sai ya ce, lafiya lau, an rufe.”

Haka na zauna a gidana ina kallo. Yaya Asabe ta dama fura, Ɗanjuma ya tsiyaya zuma, Malam ya lumshe ido yana kurɓa, ni kuma ina cewa sannunku da zuwa, an gode, Allah Ya bar zumunci. Haƙorana har ciwo suke. In abin ya ishe ni, in zagaya bayan gida in yi ta dukan turmi ba komai a ciki. Ranar buɗi in fito da faɗan da na tara, in tarar kowa ya watse, Yaya ta tafi gaishe da dangi, Malam na barci kamar jariri.

Da muka koma asibiti a mako na biyar ko na shida, likita ya kwance bandeji. Gefen ciwon ya yi baƙi, babban yatsa ya kumbura.

“Mama, me yake ci?”

“Ƙauna, likita.”

Bai yi dariya ba. “In kuka dawo ban ga sauyi ba, Kaduna zan tura ku. A can ba wanki za a yi ba, yanka za a yi. In an yi sa'a, yatsa kaɗai.”

A hanyar gida Malam bai gaishe da kowa ba, abin da ban taɓa gani ba. Sai da muka kusa ƙofa ya ce, “Lami, in aka yanke, wa zai kai miki kaya kasuwa?”

Mutum ana maganar ƙafarsa, shi yana maganar kwandona. Na so in yi masa faɗa, na fasa. Na ce, “In kana tausayin kwandona, ka daina cewa an rufe.”

“Ni ban iya korar mutum da kwanonsa ba, Lami. Kin san ni.”

Na san shi. Shi ya sa na aure shi, shi ya sa kuma nake son in shaƙe shi.

Na zauna da Maman Rahila muka juya maganar. In na daina daddawa, babu kuɗin magani, ita ma gidanta da ita ake ci. In na rufe na yi faɗa, na zubar da jarinmu duka, don wannan karon buhu guda muka dafa. In na rufe na yi shiru, ƙafa ta tafi Kaduna.

“Wai ciwon ya kai haka?” in ji ta. “Ni fa ban taɓa ganinsa ba. Kullum a bargo yake.”

Na tsaya da muciya a hannu. Ita da ke gidan kullum ba ta gani ba, balle 'yan dubiya. Su rama suke gani, mai rama kuwa abinci ake ba shi. Ni kaɗai ke ganin ƙafar.

Ranar rufi ta zo. Da safe ban wanke ciwon ba, na ce wa Malam sai an jima. Bayan la'asar tsakar gida ta cika, maza a tabarma kusa da shi, mata a gindin ɗaki. Yaya ta gama dama fura, Ɗanjuma ya zaro kwalba. Na fito da roba da ruwan wanki da sabulu da sabon bandeji, na durƙusa gaban Yaya Asabe, na sassauta murya kamar amarya.

“Yaya, hannuna duk warin wake ne. Ke kika goya shi. Ki taimaka ki wanke masa yau.”

“Yanzu kika yi magana,” in ji ta, tana kallon mata don su shaida. Ta wanke hannu ta janye bargo. Malam ya ce, “Yaya, a bari mutane su tafi,” ta ce ya yi mata shiru, ta ga abin da ya fi ƙafa a jikinsa. Ta shiga warware bandeji.

Gidana gidan daddawa ne, hancin maƙwabtana ya ga duniya. Amma da zagaye na ƙarshe ya faɗi, sai da mata suka ja mayafi suka toshe hanci. Wani dattijo ya fara salati. Ɗanjuma ya mayar da kwalbarsa aljihu a hankali, kamar kada ta ji.

Yaya ta daɗe tana kallon ramin. “Tun yaushe?”

“Tun kafin ki zo, Yaya. Yakan fara haɗewa, sai ya buɗe.”

“Me ke buɗe shi?”

Na dubi ƙwaryar fura, na dubi aljihun Ɗanjuma, na dubi kwanukan da ke jere, ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. Sannan na ce, “Likita ya ce saura yanka. Allah dai Ya saka wa kowa da alheri.”

Ta wanke ciwon tsaf, ta naɗe. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. Da Malam ta fara.

“Auta. Kana kwana da wannan a bargo, kake buɗe mini baki kamar ɗan tsuntsu? Da hannuna kake so in yanke maka ƙafa?”

“Yaya, ai ban so in ɓata miki...”

“Rufe mini baki. Da ka rufe shi tun farko da ba mu zo nan ba. Kai kuma Ɗanjuma, da furfurarka, in aka yanke kai za ka riƙa goya shi zuwa masallaci?”

Duk abin da na haɗiye tun farkon jinya, matar nan ta amayar da shi, har da ƙari daga Kuyello. Ta bi mutane ɗaya-ɗaya da sunan iyayensu. Muryarta har bakin titi. Ni ina durƙushe ina cewa a yi haƙuri, Yaya, a yi haƙuri, zuciyata kuwa kamar ranar salla. Abu ɗaya ya dame ni: ko sharaɗin Kaka ya haɗa da dangin miji? Kwandunan suna nan kusa, sun ji komai.

Ranar buɗi na ɗaga buhu da bismillah. Yauƙi har gwiwar hannu, ƙamshi har zaure. Maman Rahila ta ɗanɗana ta ce, “Ashe bakinki kaɗai aka ɗaure. Da mun sani da tuni mun yi hayar mai faɗa.”

Daga ranar Yaya ta ɗauki kujera ta kafa a zaure. Ta fi ni dabara, wannan na yarda. Ba ta mayar da kwanon kowa. Ta karɓa, ta yi godiya, ta buɗe. In ganye ne ko kifi ko ƙwai, ya wuce wurin Malam. In mai zaƙi ne, ya wuce wurin matan da ke taya mu ɓarzar wake, har suka yi kumatu. Kuma tunda ba a mayar da kwano wayam, kowanne sai ta jefa masa curin daddawa. Matan da suka rantse ba za su sa ta wake a miya ba suka same ta kyauta, suka sa, ba wadda ta mutu. Yaran da aka daina aikowa suka dawo da kuɗi a hannu. Kafin wata ya ƙare, zogale da rama da yakuwa ake kawo wa Malam, har yana cewa shi da akuyar da na sayar ba su da bambanci. Ɗanjuma ya koma zuwa da busasshen kifi. Zumar kuwa ya ba Yaya ajiya, ta ɗora a kan kwabet inda Malam zai riƙa ganinta yana tuba.

Ciwon bai yi saurin tafiya ba. Mun ci gaba da zaman benci da sayen magani, kuma maganin suga na har abada ne, kada wani ya ruɗe ku da cewa ya warke. Amma ranar da likita ya kwance bandeji ya ga jan nama ya ciko, ya ce, “Mama, Kaduna ta rasa baƙo.” Na ce ya gode wa wata tsohuwa a zaurena. Yanzu Malam ya koma kan babur da takalmi rufaffe, yatsunsa cif, sai tabo.

Abin da zan gaya wa mai jinya: kada ki ɓoye ciwo don kunya. Masu kawo kunu ba maƙiya ba ne, ba su gani ba ne. Ki nuna wa wadda ta fi kowa son sa, ki koma gefe.

Saura kukana. Yaya Asabe ba ta tafi ba. Da ta gama da kwanukan waje, ta juyo kan tukunyata. Gishirina ya yi yawa, tuwona ya yi tauri, sharata ba ta kai lungu. Ita ma ta koyi kallon hayaƙi, ranar rufi take zaɓa ta gaya mini.

Shekaranjiya, kwanduna a rufe, Malam ya matso kusa da ni a madafa, ya leƙa zaure, ya rage murya.

“Lami, an ce hanyar Kuyello ta yi sauƙi yanzu, motoci na bi. Ko a gaya wa Yaya?”

Na dubi ƙafarsa. Na dubi kan kwabet.

“Bari damina ta wuce, Malam.”

“Ai rani ake.”

“To bari ta zo ta wuce.”

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri, wadda kuma haƙurinta ya ƙare Ya ba ta yayar miji mai murya.